Ranar da Baffa Njidda Ya Zuba Kankare Kafin Lokaci

Tun daga bakin wurin ginin na san akwai abin da ya lalace, domin na iske Baffa Njidda yana farke buhunan siminti da hannunsa. Ku da kuka yi aiki a ƙarƙashinsa kun san abin da wannan ke nufi. Mutumin da ba a buɗe buhu a gabansa sai ya zagaya shi, ya shafa shi, ya yi ajiyar zuciya kamar mai rabuwa da saniyarsa, shi ne na tarar yana yanka su ɗaya bayan ɗaya yana kiran a kawo yashi. Kuma a safiyar nan bai auna kowa ba.

Oga Yohanna, babban birkilanmu, shi ya ce kowa ya kawo abin da zai faɗa a kan Baffa ranar addu'ar arba'in ɗinsa. Ni ba na iya magana a cikin taro yanzu. Da mutane sun juyo gaba ɗaya suna kallona, sai maganar ta ɓace mini. Shi ya sa na rubuta, wani ya karanta muku. Sunana Hauwa, ni ce yarinyar da ke ba bulo ruwa a ginin ƙaramin asibitin 'yan gudun hijira da ke Damare, inda Baffa yake shugaban aiki. A waccan ranar Alhamis ce 'yan banga suka zo tafiya da ni bariki, a kan wai ina waya da yayana da aka ce an gani cikin mutanen daji. Kun san wanda aka kai can da irin wannan zargi, danginsa ba sa ajiye masa abincin dare. Zan zo kan wannan. Amma sai na fara da awo, don waɗanda ba su san shi ba.

Baffa tsoho ne ɗan cikin Yola, ya yi shekarunsa a ma'aikatar ayyuka har ya yi ritaya. Yana da lebul, katakon nan na magina mai ɗigon ruwa a tsakiya da ake duba miƙewar bango da shi. Sai dai shi mutane yake aunawa. Kullum da safe sai mu yi layi, ya bi mu yana ɗora mana shi a kafaɗa, ya kanne ido ɗaya.

"Jam na?" Wato lafiya kuwa, da harshensa.

"Jam, Baffa."

"Ƙarya kake. Ka karkata hagu. Ba ka karya ba, ko matarka ce?"

Wanda ya karkata ba ya hawa tsani a ranar. Ko da shi ne gwanin gwanaye, a ƙasa zai wuni. Baffa yakan ce bango ba ya faɗuwa da kansa, zuciyar wanda ya ɗora shi ce take fara faɗuwa. Na daɗe kafin na gane ko kallon ɗigon ruwan ba ya yi. Fuskarka yake kallo, katakon kuwa dalili ne kawai na matsowa kusa da kai. Akwai ranar da ya manta lebul ɗin a gida, ya auna mu da mariƙin tsintsiya, mu ma muka miƙa masa kafaɗa kamar kullum.

Kada ku ce zan mai da shi waliyyi don ya rasu. Baffa yana kuskure, sai dai bai taɓa yarda ba. Oga Yohanna na nan zaune, ya ƙaryata ni idan ya isa. Wata Litinin ya zo fuska a ɗaure, ba ya amsa gaisuwa sai da kai. Baffa ya ɗora masa katako ya girgiza kai.

"Yohanna, rikicin gida ne. Kuma kai ne da laifi."

"Oga, ba komai fa," in ji Oga Yohanna ta gefen baki.

"Ka ji ko? Ko magana ba ya iyawa don nadama."

Da yamma, ba tare da ya gaya wa kowa ba, Baffa ya hau tsohon kekensa har Jimeta, ya sallama wa Maman Grace, matar Oga Yohanna, ya zauna ya yi mata nasiha mai tsawo. Ta yi haƙuri, namiji ɗan kuskure ne, duk abin da ya aikata ya yi nadama, a wurin aiki ma kasa cin abinci ya yi. Matar nan da ba ta san da wani laifi ba ta miƙe tsaye ta ce, "Me ya aikata?" Ashe haƙori ne yake ciwo. Oga Yohanna ya dawo daga wurin mai cire haƙori da auduga a baki, ya tarar da kayansa a tsakar gida. Washegari ya zo wurin aiki idonsa ja, ya ce, "Oga, ka kashe ni. Madam ya kore ni falo." Baffa ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Me na gaya muku jiya? Rikicin gida ne."

Sai maganar ƙusa. Baffa bai taɓa yarda a yar da ƙusa ba, ko ta lanƙwashe kamar ƙugiya. Akwai gwangwani cike da su a gindin dalbejiya, da ƙaramar guduma da wani faffaɗan dutse. Mun ɗauka rowa ce kawai, kuma rowar na ciki, kada a rage masa. Amma duk wanda ya fusata a wurin aiki, can ake tura shi. Ba a ba ka haƙuri, ba a tambayar wa ya fara. "Je ka miƙe mini ƙusa." Sai ka yi ta bugu har hannunka ya gaji, sannan Baffa ya zo ya tsuguna kusa da kai ya ce, "To, yanzu gaya mini." Yakan ce mai fushi kunnensa a hannunsa yake, sai hannun ya gaji yake ji.

Madam Rifkatu ma ba ta tsira ba. Ita ce wakiliyar ƙungiyar da ke gina asibitin, mace mai kirki amma mai gaggawa. Wata rana ta sauko daga mota tana faɗa tun kafin ta rufe ƙofa: aiki ya yi baya, manyanta suna ta kira, damina na tafe, an ce Baffa ya sauke kafinta daga sama don kawai akuyar kafintan ta mutu. Baffa ya saurare ta har ƙarshe, kansa a ƙasa kamar ɗan makaranta. Da ta tsaya shan iska, sai ya miƙa mata guduma.

"Ranki ya daɗe, duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Taimaka mini da ƙusa biyu kafin in kawo miki amsa."

Muka ɓuya bayan bulo muna leƙe. Wallahi ta zauna, da takalminta mai tsini. Ta buga ta farko da haushi, ta biyu ma haka. Can sai muka ga kafaɗunta sun sauka. Ashe ƙaninta soja ne a can arewa, kuma an kwana biyu wayarsa ba ta shiga. Baffa ya zauna da ita har azahar. Da za ta tafi ta ce, "Baffa, har yanzu fa aikin yana baya." Ya ce, "Yana baya, ranki ya daɗe. Amma dubi ƙusoshinki, ko na kanti albarka." Tun daga nan idan ta zo, ita da kanta take wucewa gindin dalbejiya kafin ta gaishe mu.

Ni kuwa, ga yadda muka fara da shi. Daga wajen Madagali muka gudo, a ƙafa, ta cikin duwatsu. Ina da takardar gama sakandare amma ita ma can ta tsaya. Mahaifiyata ta faɗa ƙetaren Kamaru da ƙannena, ni na faɗo Yola da wata maƙwabciyarmu. Yayana Idi kuwa tun kafin nan aka ɗauke shi a gona. A makon farko da na fara aiki, wani lebura ya saki kwanon kankare daga sama, ya bugi duro. Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin baro ba, na rufe kai. Leburori suka fara dariya. Sai na ga ƙafafun Baffa a gabana, ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa na ƙara.

"Madalla, bingel am, 'yata. Da ma ina neman wanda zai duba mini tayar nan ta ƙasa. Ya kika gan ta?"

Na ce, cikin kuka, "Tana da kyau, Baffa."

"Ki ƙara dubawa, kada ki yi gaggawa." Ya ɗago ya dubi masu dariya. "Ku kuwa da kuke da ƙarfin haƙora, a kwashe mini tsakuwar can."

Daga ranar ya naɗa ni Injiniyar Ruwa da Taya. Ya kuma kafa doka, duk mai sauke abu mai ƙara sai ya fara cewa "ga shi nan." Bai taɓa cewa don ni ba ne. Ya ce wai kunnensa ne ya tsufa.

To, mu koma ranar Alhamis. Rufin kankaren asibitin Asabar aka shirya zubawa. An kafa katako, an ɗaure rodi, amma ƙarin leburorin da za a ɗauko sai Asabar, kuma Madam ta ce kada a taɓa sai injiniyansu ya zo ya gani. Ga Baffa yana farke buhu ranar Alhamis. Da ya gan ni bai ce jam na ba. Ya ce, "Hauwa, ɗauki bokiti. Daga duro zuwa wurin kwaɓi, kada ki tsaya, ko wa ya kira ki." Bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar.

Kwanon farko na hawa tsani ke nan na ji babura. 'Yan banga suka shigo da bindigoginsu na toka da layu a damtse, Buba shugaban maharba a gaba. A bayansu akwai mutanen sansani, har da matan da muke kwana ɗaki ɗaya. Kusa da Buba na ga Malam Garba, mutumin garinmu da ya iso cikin makon. Ya nuna ni da yatsa. Bokitin ya kuɓuce mini.

Buba ya ce, "Baffa, yarinyar nan muka zo ɗauka. Wannan ya ga yayanta da bindiga da idonsa. Kuma an ce kullum tana laɓewa bayan bulo tana waya da yarensu."

Na jira Baffa ya ce ƙarya ne, ya ce ya san ni, ya rantse. Ko ɗaya bai yi ba. Ya ce, "To. Ku ɗauke ta."

"Amma Buba, ɗago kanka. Ka ga an fara zuba rufi? Kankare idan aka fara ba a tsayawa. In ya sha iska a tsakiya, nan zai tsage, ba yau ba, sai ranar da mata ke kwance a ƙarƙashinsa. Matarka wata nawa ne cikinta yanzu?"

Buba ya ɓata rai. "Wannan ba ruwansa da maganar."

"Ruwa kuwa shi ne maganar. Ita ce mai ruwana. Ba ni da wata. Ka bar mini ita zuwa la'asar, in an gama ka tafi da abarka."

"In ta gudu fa?"

"Ka ga inda ka fi ni hankali. Sa mutum ya bi ta ƙafa da ƙafa. Kai, Malam, tunda kai ka san ta, kai za ka tsare ta. Amma kada ka bi ta hannu sake, ga bokiti." Ya juya kan sauran. "Ku kuma in kuna so a gama da wuri, ga kwanuka can. Ku jingine bindigogin a inuwa, kada siminti ya ci su. Yohanna, nuna wa jarumai tsani."

Har yau ban san yadda aka yi ba. Na dai ga Oga Yohanna yana ɗora wa maharbi kwano a ka yana cewa, "Sannu oga, a hankali, kada ka zubar mini." Buba ya tsaya yana huci, sai Baffa ya miƙa masa shebur ya ce shugaba ba ya ɗaukar kaya, wurin kwaɓi ne matsayinsa, daga nan zai riƙa ganin kowa. Wurin kwaɓi kuwa ya fi ko'ina wahala, duk mun sani.

Haka muka wuni. Ina gaba da bokiti, Malam Garba na bayana da nasa. Rabin ruwan a jikina yake ƙarewa. Duk sanda na wuce Baffa sai ya daka mini tsawa, "Injiniya, kankarena na jin ƙishi," kamar ba abin da ke faruwa. Na tsane shi a ranar, Allah ya yafe mini. Daga baya na lura duk inda na nufa yana tsakanina da babura.

Wajen azahar Madam Rifkatu ta iso, ta ga rufi ya kai rabi. Ta buɗe baki za ta fara. Baffa ya nuna mata bindigogin da ke jingine, ya nuna ni da haɓa. Ta rufe bakin. Ta koma mota, ba ta daɗe ba ta dawo da kulolin shinkafa da wake, da Jauro mai unguwa a kujerar gaba. Baffa ya hana a raba abinci a kwano daban-daban, wai babu ruwan wanke-wanke, duk na kankare ne. Aka zuba a manyan faranti. Buba da Oga Yohanna hannunsu a faranti ɗaya, suna gardamar wanda ya fi wani gajiya. Ni ban iya ci ba. Malam Garba ma bai ci ba.

An zuba kwanon ƙarshe bayan la'asar. Maharban nan sun yi fari fat da siminti, wani ko ɗaga hannu ba ya iyawa. Aka shimfiɗa buhunan da aka zazzage, Jauro ya zauna, kowa ya zube. Baffa ya ce tunda a wurin aikinsa ne, a bar shi ya yi tambaya ɗaya. Bai tambaye ni komai ba. Ya zauna kusa da Malam Garba, ya rage murya.

"Malam, wa suka kashe maka?"

Mutumin nan ya ce, "Ɗana. A gabana." Ya fashe da kuka irin na manya, mai fita da ƙyar. Baffa ya ɗago ya ce, "Kowa ya duba mini bangon can, ina jin ya karkata." Duk muka juya muka zuba wa bango ido, har Jauro, har Buba. Bangon nan lafiyarsa ƙalau. Mun daɗe muna kallonsa.

Da ya lafa, Malam Garba ya ce shi dai ya ga Idi cikin mutanen dajin ranar da aka kashe ɗansa, riƙe da bindiga, wannan ba zai janye ba. Amma ni bai taɓa ganina da su ba, bai kuma ji na yi waya da shi ba, a sansani ya ji ana faɗa. Ya ce da ya gan ni ina tafiya da ƙafata ina dariya da mata a bakin famfo, sai ya ji ba zai iya jurewa ba. Ban ce masa ƙarya yake ba. Ban sani ba. Har yau ɗin nan ban san ko yayana yana raye ba, ban san abin da aka sa shi ya yi ba, ko abin da ya yi da kansa.

Jauro ya ce a kawo wayata. Lamba ɗaya ce a ciki da ake kira. Buba ya danna ya sa a kunne, fuska a murtuke. Mahaifiyata ta ɗauka. Da ta ji muryar namiji a wayar 'yarta, ba ta jira bayani ba. Muna jiyo ta daga inda muke. Ta tambaye shi ɗan gidan uban wane ne, ta ce in aure yake so ya zo ta ƙofa kamar ɗan mutunci, ta ce muryarsa ma ta mai mata ce, ya ji kunya. Buba yana ta "Inna, tsaya, Inna, ba haka ba ne," yana nisanta wayar daga kunnensa. Wani maharbi ya fara dariya, ta kama kowa. Baffa ya ce, "Buba, ka amsa mata mana. Kai ne shugaba."

Oga Yohanna ya tambayi Baffa yadda aka yi ya san suna tafe. Ya ce, "Mai shayin bakin sansani ne ya ƙara mini madara ban roƙa ba, kuma ya ƙi kallon idona. Mutumin da muka shekara muna faɗa a kan madara. Na zauna na ƙi tashi har ya faɗa." Madam ta ce to ita yanzu me za ta gaya wa injiniya? Ya ce, "Ki ce masa tsohon ya rikice. Zai yarda, da ma haka yake cewa."

Rana ta yi ƙasa sosai lokacin da Jauro ya kira ni gabansa. Ya ce, "Yarinya, laifin wani ba ya hawa kan wani. Ki koma ɗakinki. Babu mai taɓa ki a unguwar nan." Na ji shi, amma ban motsa ba. Baffa ya dube ni, ya dubi Buba.

"Ba daga bakin Jauro take son ji ba."

Buba ya miƙe da ƙyar yana riƙe da ƙugu. Ya miƙo mini wayata da hannu biyu. Ya ce, "Ƙanwata, kin tsira. Duk wanda ya sake tayar da maganar nan, ni zai tarar. Ki kuma gaya wa Inna ina da mata."

A nan na zauna a ƙasa cikin ruwan siminti. Ana kiran magariba a masallacin sansani. Baffa ya wuce ta gabana yana tura kekensa, bai tsaya ba, don ya san in ya tsaya zan yi abin da zai ba mu kunya mu duka. Cewa kawai ya yi, "A sa wa Injiniya shinkafarta a leda, ba ta ci ba."

Bai ga an buɗe asibitin ba, ciwon sukarin da yake ɓoye mana ya ɗauke shi kafin a yi fenti. Ya Allah, ga Baffa Njidda nan ya zo maka, da rowarsa da taurin kansa. Ya tsaya tsakanina da abin da nake tsoro ranar da ba ni da kowa. Ka tsaya tsakaninsa da abin da yake tsoro. Ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya wa Malam Garba zuciya, ka duba mini Idi a duk inda yake. Amin.